Na'urar Hayaƙi da ta Gubar Gawayi a Gidan Ƙauye: Abin da Suke Iya Yi da Inda Suke Gazawa

Na'urori biyu nake sharhi a kansu, dukkansu masu batir ne, ba ruwansu da a kawo wuta ko a ɗauke. Ta farko mai zagaye ce, a silin ake ɗaura ta, hayaƙin gobara take ganowa ta kwarma ihu. Ta biyu tana da ɗan gilashi mai nuna lamba, aikinta gano iskar kabon monoksayid, wadda ake rubuta wa CO a jikin na'urar, wato gubar da gawayi, icce, kananzir da janareta ke fitarwa idan wuta tana ci babu wadatacciyar iska. Na yi amfani da su a irin gidan da aka saba gani a ƙauyukan Kano da Jigawa: ɗakuna kewaye da tsakar gida, wasu rufin kwano da silin, wasu rufin azara, madafi a waje, ƙaramin janareta, sai kaskon wuta idan sanyi ya kankama. Sun ga hunturu, sun ga bazara, sun ga damina. Duka biyun suna aiki, amma wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba, ya fara da ta CO.

Gobara ana ganinta, ana jin ƙaurinta, ko maƙwabci ma zai hango ya tashi mutane. CO kuwa ba launi, ba wari, ba ta sa tari ko hawaye. Gawayin da ya ruru ya yi jajur, wanda ake cewa ya gama hayaƙi a shigar da shi ɗaki, bai daina fitar da ita ba. Jini yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijin sau 200 ko sama da haka, shi ya sa ko kaɗan ce, in aka kwana ana shaƙa sai ta taru. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki, kuma a ƙauye da an ga haka sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne a nemi magani. Abin da ke bambanta su: mutanen ɗaki ɗaya su kwanta tare, jiki babu zafi, kuma da sun fito fili su ji sauƙi. Mai barci ba ya samun ko wannan damar. A Disamba da Janairu, lokacin da ake toshe taga da tsumma a ja ƙofa a ajiye kasko, ɗaki ya zama tarko. Ɗakin mai jego da ake hura wa wuta ya fi kowane buƙatar na'urar nan, domin jariri da mai juna biyu sun fi saurin cutuwa.

Abin da ke rikita masu saye shi ne na'urar CO ba ta ihu nan take. Mutum zai kai ta bakin kasko na ɗan lokaci, ya ji shiru, ya ce jabu ce. Da gangan aka yi ta haka, tana haɗa yawan gubar ne da tsawon lokacin da ta ɗauka a iska, kamar yadda jini ke yi. A ƙa'idar Turai ta EN 50291, idan lamba ta tsaya a 50 za ta yi ƙara tsakanin minti 60 zuwa 90, a 100 tsakanin minti 10 zuwa 40, a 300 kuwa cikin minti 3. Nan ne mai gilashi ta fi marar gilashi amfani, ko da ta fi tsada. Lamba tana hawa tun kafin ƙara, maigida yana gani da idonsa cewa kaskon da aka shigar bayan isha'i yana cika ɗakin, kuma da yawansu suna ajiye lamba mafi girma da suka gani, a danna maɓalli da safe a duba abin da ya faru cikin dare. Wannan lambar ta fi dogon wa'azi shawo kan iyali su bar kasko a waje.

Wajen ɗaura ta, a manta da maganar cewa CO tana kwanciya ƙasa. Nauyinta kusan ɗaya da na iskar da muke shaƙa, tana gaurayewa, kuma da yake da ɗumi take fitowa sai ta fara yin sama. A ɗakin da ke da risho ko kasko, a kafa ta a bango sama da tsayin ƙofa da taga, a bar aƙalla santimita 15 tsakaninta da silin, nisan mita 1 zuwa 3 daga wutar. A ɗakin kwana da babu wuta a ciki, amma hayaƙin janareta zai iya shigowa, a sa ta kusa da shimfiɗa daidai inda kai yake. Kada labule ko durowa su rufe ta, kada kuma a sa ta bakin taga inda iska za ta riƙa kaɗe gubar ta nuna sifili alhali tsakiyar ɗaki ya cika.

Na'urar ba lasisin kunna janareta a zaure ba ce. Na san tsoron ɓarawo ne ke sa a shigar da shi, amma wurinsa waje, nisan mita 6 daga ƙofa da taga, salansa yana kallon wani gefe. Sarƙa da kwaɗo da ɗan rufi mai buɗaɗɗen gefe sun fi arha a kan abin da zai biyo baya.

Akwai abin da ba ta iya yi, kuma masu sayarwa ba kasafai suke faɗa ba. Ba ta jin yoyon tukunyar gas. Gas na girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, na'urarsa daban ce kuma kusa da daɓe ake sa ta. Sannan a gidan da ke da sola, kada a kafa ta a ɗakin batir. Batir mai ruwa idan yana caji yana fitar da haidurojin, na'urar kuma tana ɗaukarsa a matsayin CO ta yi ƙara ba gaira ba dalili. Fiya-fiya, fenti, turaren fesawa da man gashi na feshi suna lalata abin da ke shaƙar iskar a cikinta. Duk ranar da za a yi feshin sauro ko fenti, a cire ta a kai wani ɗaki, a mayar bayan wari ya fita. Kada kuma a gwada ta da salansar babur, yawan hayaƙin yana kashe ta.

Ta hayaƙi ta fi ba da wahala a yankinmu. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai aiki da haske, wadda ake rubuta wa Photoelectric ko Optical a kwali: a cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu da ƙaramar fitila, hayaƙi na shiga sai hasken ya watsu ya faɗa kan idon na'urar. Akwai kuma ta Ionization, wadda ta fi saurin jin wuta mai harshe amma ta fi yawan ihun ƙarya da ƙaurin girki. Na zaɓi mai haske saboda gobarar dare a gidajenmu yawanci a hankali take farawa: igiyar leƙo ta taɓa katifa, kyandir ya faɗi kan tabarma, wayar wuta ta yi zafi a cikin silin, garwashi ya faɗa kan bargo. Irin wannan wutar tana daɗewa tana turnuƙu kafin ta kama, kuma mai haske ce ke riga jin ta.

Matsalar ita ce idon nan ba ya bambanta hayaƙi da ƙura. Da hazon hunturu ya sauka, ƙura mai laushi tana taruwa a ciki, sai na'urar ta fara ƙara tsakar dare babu wuta, ko kuma ramukan su toshe ta daina ji gaba ɗaya, wanda shi ne mafi muni. Takardar da ke cikin kwali takan ce a share ta sau ɗaya ko biyu a shekara. Wannan lissafin gidajen Turai ne. A nan, daga Nuwamba zuwa Maris, duk wata a sauke ta, a bi ramukan gefe da busasshen burushi mai laushi, a hura da famfon keke daga ɗan nesa. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Da damina kuma a duba gizo-gizo da zanzaro, domin zanzaro yana son gina gidansa na laka a irin waɗannan ramuka.

Zafi shi ne matsala ta biyu. Yawancin na'urorin an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 38 zuwa 40 ba, ƙarƙashin kwano kuwa a watan Afrilu ya wuce nan nesa ba kusa ba. Ɗakin da ba shi da silin, kada a ɗaure ta jikin kwano ko katakon da ke manne da shi, a sauko da ita bango. A ɗaki mai silin, tsakiya ta fi, aƙalla santimita 30 daga bango da daga ƙwan fitila, kuma kusan mita 1 daga bakin fukafukin fanka, don fanka tana kore hayaƙi. Kusurwar da bango ya haɗu da rufi iska ba ta motsi a can, hayaƙi yana makara kafin ya isa. In bango ya zama dole, saman na'urar ya kasance tsakanin santimita 10 zuwa 30 ƙasa da silin. Daga murhu ko risho a ba ta mita 3. Madafin da ke fili a tsakar gida ba ya buƙatarta, sawa can ɓata batir ne.

Ɗaurawa ba aiki ba ne babba. Faifan baya ake fara kafawa da sukuru biyu, a sa batir, a ɗora na'urar a murɗa har ta kama, sannan a danne maɓallin gwaji har ta yi ƙara. Silin roba ko na kwali ba ya riƙe sukuru shi kaɗai, a lalubo katakon da ke bayansa. A rufin azara, a ɗaura ɗan allo tukuna, na'urar ta zauna a kansa. Bangon ƙasa kuma sai an dasa guntun katako. Gam mai fuska biyu da wasu ke zuwa da shi yana saki da zafin bazara, ban ba da shawararsa ba.

Turaren wuta zai tayar da ita, babu makawa, musamman a ɗakin amarya. Saboda haka a sayi mai maɓallin yin shiru, wanda ke kashe ƙarar na 'yan mintuna ta dawo aiki da kanta. Wadda ba ta da shi, ƙarshenta uwargida ta zare batir, kuma batir ɗin da aka zare ba ya komawa.

A kan batir, a sa wanda aka rubuta wa Alkaline kawai. Mai arhar nan na rediyo yana saurin mutuwa kuma yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen da ke ciki. Mai caji ma bai dace ba. A canza shi sau ɗaya a shekara, farkon shigowar sanyi ya fi, a yi gwaji duk wata. Ɗan ƙaran "cit" da ake ji duk bayan daƙiƙa 30 zuwa 60 alamar batir ya yi sanyi ne, kuma ya fi fitowa gab da asuba saboda sanyi yana rage ƙarfin batir. Akwai masu batir na litiyam a rufe da ke kai shekara 10, su ne suka fi dacewa da garin da samun batir mai kyau sai an je Dutse, Haɗejiya ko Wudil.

Wajen saye, a juya bayanta. Ta hayaƙi a nemi EN 14604 ko UL 217, ta CO a nemi EN 50291 ko UL 2034, sannan kwanan watan da aka ƙera ta. Ta hayaƙi shekara 10 take yi, ta CO tsakanin 5 zuwa 10 gwargwadon kamfani, kuma lissafin yana tafiya ko tana cikin kwali. Ta gwanjo da ba a san shekarunta ba, ko maɓallinta yana ƙara, a bar ta, don maɓallin ya fi tabbatar da batir da ƙaho, ba lafiyar abin shaƙar ba. Masu haɗawa da wayar wutar lantarki da aka yi wa Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu 230 ce, za su ƙone.

Babbar gazawarsu a gidan Bahaushe ita ce nisa. Ƙarar ta kai desibel 85 a mita 3, a cikin ɗaki tana da ƙarfi ƙwarai, amma daga ɗakin yara zuwa turakar maigida, da ƙofofi a rufe da janareta yana ruri, ba lalle a ji ba. Yara kuma suna iya barci ta cikinta. Ko dai kowane ɗakin kwana ya samu tasa kuma a tabbatar akwai babba a kusa, ko a sayi masu haɗin rediyo, waɗanda in ɗaya ta yi ƙara duka su amsa.

Idan ta CO ta yi ƙara, ba lokacin neman dalili ba ne. A fitar da kowa fili, a ƙirga mutane, a bar ƙofa da taga a buɗe, a kashe janareta, kada a koma sai lamba ta dawo sifili an kuma gano tushen. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Wanda ya suma, ko yake amai, ko maganarsa ta rikice, da duk mai juna biyu, a kai su asibitin da ke da oksijin ko da sun ce sun warware. A gaya wa ma'aikatan lafiya ƙarara cewa hayaƙin gawayi ne ko na janareta, domin 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ba ta bambanta CO da oksijin, tana iya nuna 98 alhali jinin mutum cike yake da guba.