Robar salansa ta kasuwa: za ta riƙe tsohon DT a hanyar dutse?

Tsofaffin baburan shiga daji irin su Yamaha DT125 da DT175 da AG100, da Suzuki TS da TF, da Honda XL125 da XL185, har yau suna cin ƙasa a Jos da ƙauyukan kewayenta, duk da cewa ƙirar yawancinsu ta shekarun 1970 da 1980 ce. Injinansu na da ƙarko. Ƙananan abubuwa ne ke fara gajiya, kuma a sahun gaba akwai robar da ke riƙe salansa a jikin babur. Alamarta ba ta ɓuya: kwaramniya idan an hau gargada, wutsiyar salansa na lilo idan ka kama ta ka girgiza, sai baƙin mai ko toka a daidai inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji.

Robar asali ta kamfani wuyar samu gare ta. Abin da za ka tarar wajen masu kayan babur, ko a Dilimi ko a rumfunan unguwa, roba ce marar suna, baƙa, zagayayya, da tsagi a ƙugunta inda take shiga ramin kunnen salansa, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaure salansa da shi a jikin babur. Kuɗinta bai kai na juyen baƙin mai ba. Iri biyu ce: wata na zuwa da ɗan guntun bututun ƙarfe a cikinta, wata kuma tsurar roba ce. Bambancin nan shi ne kusan dukan zancen.

Mutane da yawa sun ɗauka bututun nan ado ne. Aikinsa shi ne idan ka ɗaure bol, ƙarfe ya danne ƙarfe, noti ya kama tamau, roba kuwa ta zauna a tsakiya ba tare da an murƙushe ta ba. Idan babu shi, zaɓi biyu ne gare ka, kuma duk ba alheri. Ka ɗaure sosai, roba ta baje kamar waina, ta daina shanye girgiza, ta tsage. Ka ɗaure sama-sama, noti ya kwance kansa kafin ka dawo daga Miango. Saboda haka tsurar roba ba ta cancanci kuɗinka ba, sai fa idan tsohon bututunka na nan lafiya. Kada a jefar da shi lokacin kwancewa. Sau da yawa tsatsa ce ta manne shi a jikin bol, sai a ɗauka ai duk abu ɗaya ne.

Wadda ke da bututun ma sai an duba. Danna ta da farce: ta lotsa kaɗan ta dawo. Wadda ta yi tauri kamar robar bokiti, ko ka lanƙwasa ta ka ga ƙananan tsagogi, ta daɗe a rumfa tana shan rana, bar musu abinsu. Ka tafi da tsohuwar robar da bol ɗin a aljihu, domin girman ba ɗaya ba ne. Ramin kunnen wani babur ya fi na wani faɗi, kuma tsagin robar dole ya yi daidai da kaurin kunnen. Idan tsagin ya fi faɗi, salansa za ta riƙa zamewa gefe da gefe, ka ji ƙarar da ka zo magancewa tana nan.

Inda robar kasuwa ke da rauni shi ne zafi da mai. Roba ta gama-gari tana fara lalacewa idan zafi ya wuce kamar digiri 80, ta bushe ta yi ƙanta. A kunnen baya, kusa da wutsiya, zafin da sauƙi, tana jimrewa. A kunnen tsakiya, wanda ke jikin tumbin salansar DT ko TS, abin ya fi ƙarfinta. Ga kuma man da injin da ake haɗa wa mai da fetur, irin na DT da TS, ke tofarwa, wanda ke kumbura roba ya mai da ita tuɓus. Ƙara da sanyin hunturun Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200: da asuba roba ta sandare, da rana salansa ta gasa ta. A ganina, a kunnen baya a sa ta kasuwa ba fargaba. A na tsakiya gara wadda mutum ya yanka da kansa.

Ga yadda ake yin ta. Nemi tsohuwar tayar mota wajen mai faci, ka yanka daga gefenta, ba daga inda take taka ƙasa ba, domin can akwai wayar ƙarfe a ciki. Gefen kuwa zare ne a cikin robar, shi ke hana ta yagewa. Yanka faifai biyu masu faɗin kamar milimita 30, ɗaya ya zauna gaban kunne, ɗaya bayansa. Ramin tsakiya a huda shi da guntun bututu da aka wasa bakinsa, a kan katako, da guduma. Kada a huda da ƙusa mai wuta. Tana ƙona gefen ramin, daga nan tsaga ke farawa. Sai ka yanki ɗan zobe daga tiyon mai, tsawonsa daidai kaurin kunnen, ka zura shi a kan bututun ƙarfen domin ya cike ramin kunne, ƙarfe kada ya taɓa ƙarfe. Tiyon mai ya fi tiyon lagireto dacewa a nan: na lagireto ya fi jure zafi, amma ba ya shiri da mai. Tiyub ɗin taya kuwa, wanda kowa ke fara kai hannu gare shi, ya yi laushi da yawa. Maganin fitar da kai daga daji ne zuwa gida, ba na zama ba.

Tsawon bututun ƙarfen shi ne wurin lissafi. Haɗa faifai biyun da kunnen, ka auna kaurinsu gaba ɗaya, ka rage kamar milimita 1. Wannan ragin ne zai sa roba ta matsu kaɗan lokacin da bol ya zauna a kan bututu. Ya fi haka tsawo, salansa ta yi rawa. Ya fi haka gajarta, ka koma matsalar murƙushewa. A goge bakinsa da magagari ya miƙe. Washa mai faɗi a waje, wadda ta rufe faifan duka.

Bol ɗin yawanci mai kaurin milimita 8 ne. Na baburan Japan sifana 12 ke kama kansa, na kasuwa kuwa 13, abin da ke ba mutum haushi a hanya idan 12 kaɗai ke cikin jakarsa. Duba kan bol ɗin ka ga an buga 8.8, marar lamba yawanci ƙarfensa laushi ne. Noti mai zoben leda a ciki yana da kyau a kunnen baya, amma kada a kai shi bakin inji, ledar za ta narke. Wajen zura roba a rami, ruwan sabulu ya isa. Giris da baƙin mai suna cin ta.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada yana wajen ɗauri. A jera komai a sake tukuna, notin bakin inji da na kunnuwa duka a hannu kawai. A fara ɗaure na bakin inji, kaɗan nan kaɗan can, har bututun hayaƙi ya zauna daidai a kan zobensa na bakin inji. Sannan na tsakiya, sannan na baya. Idan ramin kunne bai zo daidai da na jikin babur ba, kada a taka salansa da ƙafa a tilasta ta. Salansar da aka ɗaure a tanƙware tana jan bakin inji dare da rana, ƙarshenta ko bututu ya tsage, ko bol ɗin da ke dashe a jikin inji ya karye a ciki. Ciro karyayyen bol daga alminiyom aikin masu injin huda ne, kuma ya ninka kuɗin roba sau ba adadi. Mai sifanar awo ya tsaya tsakanin 22 da 27 a ma'aunin Nm ga bol mai milimita 8. Wanda ba shi da ita ya yi amfani da gajeriyar sifana, ba tare da ƙara mata bututu ba. Bayan tafiyar farko, inji ya huce, a sake bin notin duka.

Wani lokaci roba ba ita kaɗai ta mutu ba. Idan an daɗe ana hawa a haka, ramin kunne zai zama kamar ƙwai, ko tsaga ta fito a gindinsa. Rami mai faɗi ana ɗora masa washa mai kauri a yi walda. Tsaga kuwa a fara huda ɗan rami na milimita 2 ko 3 a ƙarshenta don ta tsaya, kafin a like. Ƙarfen salansa siriri ne, walda ta lantarki na huda shi, shi ya sa masu walda ta gas, irin waɗanda ke gyaran salansar mota a Farin Gada, suka fi dacewa. A cire salansar daga jikin babur, a yi aikin a fili, domin tsohon mai da gawayin da ke cikinta na iya kamawa da wuta.

Akwai shawarar da za ka ji a bakin wasu: “Alhaji, a like ta da jikin babur kawai a huta.” Kada ka yarda. Salansa tana miƙewa idan ta yi zafi, ta koma idan ta huce, inji kuma na girgiza ta. Idan ba roba a tsakani, duk wannan motsi a kan siririn ƙarfen zai sauka, tsagar ta koma wani wuri kusa da waldar. Ranar da kuma za a buɗe inji, sai an sa zarto an yanke.