Bitar Google Scholar: yadda yake nuna aikin mai bincike kan cututtukan hanta da sankara

Na shafe makonni ina amfani da Google Scholar domin bin diddigin ayyukan masanan da suka yi fice a binciken cututtukan hanta da sankarar hanta, kuma tambayar da na riƙe tun farko ita ce ko wannan shafi zai iya nuna wa mai karatu girman gudummawar mai bincike guda ɗaya. Kamfanin Google ya buɗe shi a watan Nuwamba na 2004, kuma har yanzu kyauta ne, ba a buƙatar rajista kafin a yi bincike a cikinsa. Aikinsa shi ne tattara maƙalun mujallun ilimi, da kundin digiri, da littattafai, da takardun taruka, sannan a ƙarƙashin kowace maƙala ya nuna adadin rubuce-rubucen da suka ambace ta, tare da mahaɗin da zai kai mutum gare su.

Na fara gwajin da Farfesa Josep Llovet, likitan hanta da ya yi aiki a Barcelona ta ƙasar Sifaniya da kuma asibitin Mount Sinai da ke New York. A 1999 shi da Concepció Brú da Jordi Bruix suka wallafa tsarin rarraba matakan sankarar hanta wanda ake kira BCLC. Abin da ya bambanta tsarin shi ne ya haɗa abubuwa uku wuri guda, wato girman ƙarin da yaɗuwarsa, da ƙarfin da ya rage wa hantar, da yanayin jikin majiyyacin, sannan ya danganta kowane mataki da irin maganin da ya dace da shi, tun daga tiyata da dashen hanta har zuwa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi. Wannan yana da muhimmanci saboda yawancin masu wannan cuta hantarsu ta riga ta ƙandare, don haka girman ƙari kaɗai ba ya gaya wa likita abin da jikin zai iya ɗauka.

A nan ne na ga amfanin shafin ƙarara. Na rubuta taken maƙalar da Llovet ya jagoranta a 2008 a mujallar New England Journal of Medicine, wadda ta ba da sakamakon gwajin SHARP. A wannan gwaji an raba majiyyata 602 masu sankarar hanta da ta yi nisa gida biyu, aka ba wasu maganin sorafenib, wasu kuma ƙwayar da ba ta da magani a ciki. Matsakaicin tsawon rayuwa ya kai wata 10.7 ga rukunin farko, na biyu kuma wata 7.9. Wanda ba ya cikin harkar zai iya raina bambancin da bai cika wata uku ba, amma wannan ne karon farko da wani maganin sha ya nuna a babban gwaji cewa yana tsawaita rayuwar irin waɗannan majiyyata. Da na danna mahaɗin da ke ƙarƙashin maƙalar, sai jerin waɗanda suka ambace ta ya buɗe, kuma akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama domin a yi bincike a cikin wannan jerin kaɗai. Na sa alamar, na rubuta lenvatinib, sai ga gwajin da Masatoshi Kudo ya jagoranta a mujallar Lancet a 2018, wanda ya nuna maganin bai gaza sorafenib ba. Na sake rubuta atezolizumab, sai ga gwajin IMbrave150 na 2020, inda haɗin atezolizumab da bevacizumab ya zarce sorafenib. Cikin 'yan mintoci na ga yadda maƙala ɗaya ta zama ma'aunin da ake gwada sababbin magunguna da shi fiye da shekara goma. Ɗalibin da ya iya amfani da wannan akwati zai tsira daga wahalar kwanaki, kuma a ganina shi ne mafi darajar abin da shafin ya ƙunsa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa masu amfani. Idan maƙala tana da kwafin da ake karantawa kyauta, mahaɗinsa yakan fito a gefen dama, ana iya taƙaita sakamako zuwa wasu shekaru, kuma mutum zai iya neman a riƙa aiko masa da saƙon imel duk lokacin da aka ambaci wata maƙala.

Inda nake da ja shi ne wurin lambobin da ake auna mutum da su. Tun 2011 shafin ya ba masu bincike damar buɗe shafi na kansu, inda ake jera ayyukansu da jimillar ambato da ma'aunin h. Masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ne ya fito da wannan ma'auni a 2005, kuma ma'anarsa mai sauƙi ce: wanda ma'auninsa ya kai 50 yana da maƙala 50 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Lambar tana da daɗin kallo saboda tana taƙaita aikin shekaru cikin ƙiftawar ido, sai dai ba ta bambance wanda ya tsara bincike ya jagorance shi da wanda sunansa ya zo na ashirin a jerin marubuta, alhali manyan gwaje-gwajen magungunan sankara sukan ɗauki sunaye masu yawa. Haka kuma maƙalun bita da takardun ƙa'idojin jinya, irin waɗanda ƙungiyar likitocin hanta ta Turai take fitarwa, sukan tara ambato fiye da binciken asali da aka gina su a kansa, domin marubuci yakan ga ya fi sauƙi ya ambaci takarda ɗaya da ta tattara komai.

Batun Baruch Blumberg, likita mai bincike ɗan Amurka, shi ne ya fi taɓa ni. A 1965 shi da Harvey Alter da abokin aikinsu suka wallafa maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka game da wani sinadari da suka gano a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, kuma taken maƙalar ya danganta sinadarin ne da sankarar jini, babu ambaton hanta a ciki. Daga baya aka tabbatar cewa sinadarin wani ɓangare ne na ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon hanta nau'in B, abin da ya buɗe hanyar tantance jinin da ake ƙarawa majiyyata da kuma samar da allurar rigakafi, ya kuma sa aka ba Blumberg kyautar Nobel a 1976. Wanda ya shiga shafin yana neman tushen binciken sankarar hanta ba zai yi tunanin wannan take ba, sai in ya riga ya san tarihin. Bugu da ƙari, Blumberg ya rasu a watan Afrilu na 2011, kafin a buɗe damar yin shafin mutum, kuma tunda mai binciken ne da kansa yake buɗewa, tsarin ya fi haskaka waɗanda suke raye suna kula da shafukansu.

Aikin Palmer Beasley, masanin yaɗuwar cututtuka ɗan Amurka, shi ma yana nuna wannan giɓi. A 1981 ya wallafa a Lancet sakamakon bibiyar maza 22,707 a Taiwan, inda ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar cutar nau'in B sun fi sauran haɗarin kamuwa da sankarar hanta fiye da ninki ɗari biyu. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, kuma a 1997 Mei-Hwei Chang da abokan aikinta suka ba da rahoton raguwar sankarar hanta a tsakanin yara. Yaran da ba su kamu ba su ne ainihin tasirin wannan aiki, kuma babu inda ƙididdigar ambato take ɗaukar su. Sannan idan bincike ya zama sanin kowa, marubuta sukan daina ambaton maƙalar farko, sai lambarta ta tsaya duk da cewa ana cin moriyarta kullum a asibitoci.

Ya kamata mai amfani ya san cewa na'ura ce take tattara bayanan, kuma an taɓa nuna cewa ana iya yaudarar ta. A 2010 Cyril Labbé, masanin kwamfuta a Grenoble ta Faransa, ya ƙirƙiri wani marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalu kusan ɗari masu ambaton juna, har ma'auninsa na h ya kai 94. Shafin kuma ba ya nuna sakamako fiye da 1,000 a bincike guda, kuma hakan cikas ne ga mai son yin cikakkiyar bitar duk abin da aka rubuta kan wata cuta.

Saboda haka nakan haɗa shi da PubMed, rumbun da ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka yake gudanarwa kyauta tun 1997, inda ake sa wa maƙalu kalmomin rarrabawa na bai ɗaya, ta yadda mai neman sankarar ƙwayoyin hanta zai samu abin da yake so ko da marubuta sun yi amfani da sunaye daban-daban. Ga ɗalibin likitanci, ko ɗan jarida mai rubutu kan lafiya, ko kwamitin da ke duba aikin malamin jami'a, shawarata ita ce a fara da PubMed domin tabbatar da jerin ayyukan mai binciken, a koma Google Scholar domin ganin waɗanda suka ɗora a kansu, sannan a zaɓi maƙalu uku ko huɗu da sunansa ya zo na farko ko na ƙarshe a karanta su daga farko har ƙarshe.