Dodon koɗin da na saya saboda gansakukar akwatin kifina

Wata 8 ke nan da na kafa akwatin kifin ruwan gishiri a falona nan Yantala, mai cin lita 200. Duk wanda ya shiga wannan harka a Yamai ya san wahalarta, tunda gishirin haɗa ruwan ma sai an kawo mana daga waje. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gansakuka. Ta fara da wata ja-ja kamar ƙura a jikin gilashi, daga baya koriya mai gashi ta rufe duwatsu. In kankare da safe, bayan kwana biyu ta dawo.

Mutumin nan da muke sayen kaya wurinsa ta WhatsApp ya ce dodon koɗi ne maganinta. Ya kawo mini 12, iri uku: Trochus 6, Turbo manya 3, Astraea 3. Na tambaye shi bambancinsu, ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne, duk gansakuka suke ci." Na biya ban yi ciniki ba. Na fi awa guda ina ɗiga musu ruwan akwatina da siririn tiyo kafin in sake su, don canjin gishiri farat ɗaya yana kashe su, kuma nawa ruwan a 1.025 na ma'aunin gishiri nake riƙe shi.

Gaskiya aikin da suka yi a makonni uku na farko ya ba ni mamaki. Da dare nake haska tocila in ga bakin Trochus manne da gilashi, harshensa mai kaushi yana kankara, yana barin layi fes a bayansa kamar mai noma ya bi kunya da hauya. 'Yata ƙarama takan ruga ta kira ni, "Baba, zo ka ga yana lasar gilashi!" Turbo kuwa sun share koriyar nan ta kan duwatsu tas, ko da yake da ƙarfi suke tafiya, sau biyu suna ture mini dutse. A lokacin har yabon mutumin na yi wurin abokai.

Sai watan Afrilu ya shigo. Kun san zafin bazarar Yamai, ana kai 44 a inuwa. Na tafi Dosso gaisuwar rasuwa, ranar kuma wuta ta ɗauke tun azahar, ba ta dawo ba sai bayan isha. Da na iso gida na duba ma'aunin zafi, ruwa ya kai digiri 32, alhali tsakanin 24 da 26 ya kamata ya tsaya. Kifaye sun taru sama suna haki. Na yi ta jefa gorunan ƙanƙara, ruwa ya sauka, na ɗauka an tsira. Kwana biyu bayan haka uwargida ta tashe ni da asuba ta ce wani wari ya cika falo. Wallahi ban taɓa jin ɗoyi irin na mataccen dodon koɗin teku ba. Turbo biyu suna kwance kan yashi, murfin bakinsu a sake. Na ukun ya maƙale bayan duwatsu ya ruɓe, sai da na kwashe rabin duwatsun na same shi, ruwa ya yi duhu-duhu. Na sauya lita 50 nan take, amma kifina ɗaya mai ruwan lemo da farin ratsi bai kai yamma ba. Yarinyar ta yi kuka ranar, ni ma abin ya tsaya mini a rai.

Daga baya na gano manyan Turbo ɗin nan daga gaɓar tekun Meziko ake kamo su, inda ruwa ya fi sanyi, ba sa jure zafi. Shi mai sayarwar a garin nan yake zaune, zafin da nake sha shi yake sha. Da na kira shi cewa ya yi, "Haƙuri za ka yi Alhaji, rai na Allah ne." Na san rai na Allah ne, amma ai na tambaye shi tun farko.

Astraea ma matsalarsu daban. In ɗaya ya faɗo ta baya kan yashi ba ya iya juyawa, sai na sa hannu na kifa shi. Biyu haka suka mutu ina wurin aiki. Trochus ne kaɗai suke juya kansu, kuma duka 6 suna nan da ransu, sun haye zafin. Yanzu na ɗora ƙaramar fanka mai batirin sola tana hura saman ruwa, ina cika abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri, don gishirin ba ya tashi da tururi. Maganin kifi mai tagulla kuwa ko kusa da akwatin ba na kai shi, guba ce ga dodon koɗi.

Da niyyar cewa zan ƙara sayen Trochus wurin mai sayarwar na fara rubutun nan, don su kam sun biya kuɗinsu. Amma ya yi mini alkawarin musanya Turbo ukun tun watan Mayu, har yau saƙona na ƙarshe yana nan ya karanta bai amsa ba. Zan nemi wani ya kawo mini.