Wane ƙarfe za ka sa wa tsohuwar Peugeot 504 idan tsatsa ta ci ƙasanta?

Mai tayar da tsohuwar 504 yawanci inji da fenti ne a ransa, alhali ƙasan motar ya kamata ya fara leƙawa. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban, jikin ne gaba ɗaya yake ɗauke da nauyi. Daɓen da kake ɗora ƙafa, dokin ƙofa na hagu da dama, da mazaunin shokozoba na gaba, su ne ke riƙe da ita. In suka ruɓe sai ƙofa ta fara gardamar rufuwa, ranar da ka zo canza taya kuma jak ya lume ciki.

Ni dai a wurina babu kamar yanka daga wata motar. PAN, kamfanin haɗa Peugeot na Najeriya, ta fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, ba ta daina 504 ba sai 2006, don haka har yanzu ana samun gangar jikinta a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Ƙarfen kamfani ne, kaurinsa daidai, da layukan nan da aka danna masa don kada ya lotsa, waɗanda guduma ba ta iya fitar da su sak. Sai dai ka tambayi inda motar ta yi zamanta. Wadda ta tsufa a Katsina ko Sakkwato ƙasanta yakan fito garau, ta Legas ko Fatakwal kuwa laima da iskar teku sun riga ka. Wadda ta yi haya tana ɗibar lodi, duba tsagewa kusa da ƙafafun baya. Kuma kada a haɗa ka da dokin ƙofar wagon: tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ya fi na salun tsawo da santimita 16, ba zai zauna ba. Ka je da kanka a yanka a gabanka, a bar rarar kamar yatsu uku kowane gefe.

Sabon farantin ƙarfe da fanel bita zai lanƙwasa ya wadatar ga ɗan rami a daɓe, in kaurinsa ya kai na asalin wurin. Sabbin sassan jikin da ake bugawa a Turai kuwa, kuɗin jirgi da canjin yuro kaɗai sun isa su kore ka.

Inda ake cutar mutane shi ne wurin faci. An taɓa sayar mini da dokin ƙofa baƙi wuluk da kwalta, wai don kariya aka shafa. Da aka kankare sai ga ragar waya an cusa, an liƙe da fila, wato ƙullun da fanel bita ke cike lotsawa da shi, an goge sumul. Tun daga nan duk abin da aka shafa wa kwalta ko sabon fenti a wurin 'yan yanka, ba na tayawa sai an kankare min. Ka riƙe maganaɗisu a aljihu: inda ya ƙi kamawa, fila ce. Ka caka sukundireba a kusurwoyi ba tare da jin nauyin kowa ba, mai kaya ya ɓata rai in ya ga dama. Ka ƙwanƙwasa, ƙarfe mai lafiya yana amsawa, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa na zubowa daga ciki.

A gareji ma kada ka saki jiki. Wani da kwanon rufi zai yi maka faci, wani da bayan firji ko murfin ganga. Kwano bai da kaurin ɗaukar nauyi, kuma hayaƙinsa in wuta ta taɓa shi yana sa mai walda zazzaɓi. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne mai ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓen ba tare da ya yanke ba. Ruwa ya kwanta tsakaninsu, damina biyu ka dawo inda ka fito. Ka ce a yanke har sai an tarar da farin ƙarfe. Kafin a cire dokin ƙofa kuma a tokare bakin ƙofar da sandar ƙarfe, in ba haka ba jikin zai saki, ƙofofin su daina zama. Kada ka yarda a shafa komai a kan waldar sai ka gan ta da idonka, ciki da waje, sannan ka cika kuɗin aiki.