Markus 6 ko Luka 4: wanne ƙaramin rukuni zai ɗauka?

Masu jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a gida sun sha tambayata wane nassi ya fi dacewa kan yadda mutanen Nazarat suka ƙi Yesu.

Markus 6:1-6 ayoyi shida ne kawai, kuma ciwon na cikin gida ne. Mutanen garin suna kiransa masassaƙi, ɗan Maryamu, suna lissafa 'yan'uwansa da sunayensu, wato sabo ya jawo raini. Marasa lafiya kaɗan ya ɗora wa hannu, har ya yi mamakin rashin bangaskiyarsu. Hattara ɗaya: hirar kan koma ƙorafin dangi, kowa yana ɗaukar kansa annabin da aka raina.

Luka 4:16-30 ayoyi 15 ne, kuma yana cin shiri. Dole jagora ya karanta Ishaya 61, da labarin Iliya da gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17, da na Elisha da Na'aman a 2 Sarakuna 5. In ba haka ba, rukunin ba zai gane abin da ya sa mutanen da suka fara yabon Yesu suka fusata har suka nemi jefa shi daga dutse ba. Alherin Allah ga baƙi, wato waɗanda ba Yahudawa ba kamar gwauruwar da Na'aman, shi ne ya tsone musu ido, kuma wannan wurin ne yake taɓa ni sosai.

Sababbin masu bi, ko masu awa ɗaya kawai, su ɗauki Markus. Rukunin da ya saba da Tsohon Alkawari, mai iya yin zama sau biyu, Luka ne nasa.