Kwamfutar tebur mai tsada: abin da kuɗina suka saya da abin da bai iso Kaduna ba

Kwamfutar da nake aikin zanen kalanda, katunan aure da fostoci da ita a shagona da ke Tudun Wada tana cikin rukunin da manyan kamfanoni ke ƙerawa domin ofisoshi, kuma sabuwa dal na saye ta a cikin kwalinta. Tana ɗauke da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Intel Core i7-12700, wadda ta fito a farkon 2022, da ram, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, mai giga 16 da ma'adanar SSD mai giga 512. Da na kai jerin kayan nan wajen wani mai haɗa kwamfuta a titin Ahmadu Bello ya lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, jimillar ba ta wuce kashi biyu cikin uku na abin da na biya ba. Ragowar kashi ɗayan nan shi ne nake son mu duba, domin a nan ne adalcin farashin yake ko rashinsa.

Dole in ba ta haƙƙinta, domin ƙirarta ta yi kyau ƙwarai. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke sa na'urori da dama kuka kamar injin markaɗe, ita fankarta da ƙyar ake jin motsinta, ko da na buɗe babban aiki a CorelDRAW tare da hotuna masu nauyi a Photoshop. Ba ta da cin wuta, saboda ma'aunin firosesar na asali wat 65 ne, kuma ƙaramar inbata tana riƙe ta tare da allonta na tsawon lokaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024. Murfinta kuma da hannu ake zare shi ba tare da sukundireba ba, abin da ke sauƙaƙa mini kakkaɓe ƙurar hunturu kafin ta toshe fankar. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan ɓangaren na shaida hakan.

Inda ta ba ni kunya shi ne ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona fawa-fak ɗinta, wato akwatin da ke raba wuta ga sauran kayan ciki. Na ɗauka gyaran yini guda ne, domin irin wannan akwati yana nan birjik a shagunan garin nan. Mai gyaran ya buɗe ta, ya zaro wayar da ke shiga babban allon ciki, ya ɗora ta a tafin hannunsa kusa da ta kasuwa. Ta kasuwa tana da fil 24 bisa tsarin ATX da kusan kowace kwamfutar haɗi ke bi, tawa kuwa ɗan ƙaramin filogi ne mai fil takwas wanda kamfanin ya keɓe wa kansa. Ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, wannan sai nata na gida, ba ta karɓar na kowa." Sai da aka aika kasuwar kwamfuta ta Ikeja aka nemo, a daidai lokacin da bukukuwan aure suka yi yawa, masu katuna suna ta sintiri a ƙofar shago. A nan ne kuma na gane cewa ƙarfin akwatin bai kai ya ɗauki babban katin hoto ba, wato na'urar da ake ƙara wa kwamfuta don sarrafa hotuna masu nauyi, ma'ana an riga an yanke mini iyakar abin da zan iya ƙara mata tun daga masana'anta.

Garanti kuwa, wanda shi ne babban abin da masu sayarwa ke kafa hujja da shi, bai amfane ni ba, domin sharuɗɗansa ba su haɗa da ɓarnar da hauhawar wuta ta jawo ba, alhali ita ce cutar da ta fi kashe kwamfuta a wajenmu. Ko da ma ya haɗa, babu cibiyar gyaran kamfanin kusa da ni, sai dai in ɗauki na'urar in danƙa wa direban mota da fatan ta isa lafiya. Ma'aikacin ofis a Ingila ko Amurka da ya biya wannan ƙarin kuɗi yana sayen injiniyan da zai zo har teburinsa, mu kuwa muna biyan kuɗin hidimar da ba ta ƙaraso mana ba. Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa da dala ake sa wa kayan nan farashi, ita kuma ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, saboda haka kowane ƙari da aka ɗora saboda suna ya ninka fiye da sau uku a aljihunmu.

Hukuncina shi ne ingancin ƙira da ƙarancin cin wuta sun cancanci wani abu daga cikin ƙarin, amma ba su cinye shi duka ba. Banki ko ma'aikata da ke sayen na'urori da yawa kuma suke da yarjejeniyar gyara, su dai tsadar ta biya musu. Mai shago irina ya fi dacewa da kwamfutar haɗi mai kayan da ake samu a gari, ya sa rarar kuɗin a sitabilaiza mai kyau da ƙarin ram. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, 'yar Beljiyam irin OptiPlex ta Dell, EliteDesk ta HP ko ThinkCentre ta Lenovo tana aiki sosai, sai dai ya tabbatar firosesarta ta kai zubi na 8 na Intel, domin daga nan ne Windows 11 ke karɓa, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Kafin ya miƙa kuɗi kuma ya sa a buɗe masa murfin, ya ƙirga fil ɗin wayar wutar da idonsa, sannan ya tambayi mai gyaran unguwarsu ko yana da irinta a ajiye.