Makirufo ko fitilar zobe? Ƙanwata, fara da makirufo

Wa'alaikumus salam ƙanwata mai turaren wuta da humra ta Argungu. Tunda kin ce kina son fara tallar kayanki a laif, wato bidiyon kai-tsaye a intanet, kuma kuɗin abu ɗaya ne a hannunki, ko makirufo ko fitilar zobe, wato zagayayyar fitilar nan ta masu ɗaukar bidiyo, to sayi makirufo. Fitila ta jira ciniki ya kankama. Duka biyun ina da su a ɗakina nan Birnin Kebbi: ɗaya kullum yana maƙale a gefen mayafina, ɗayar kuwa tana bayan sif tana shan ƙura.

Mai kallon laif yana yafe hoto, amma ba ya yafe murya. Mu nan an saba da netwok mai zuwa yana komawa, hoto ya yi dishi-dishi ko ya daskare, mutum ya haƙura ya jira. Hasali ma idan sabis ya yi rauni hoton ne yake fara lalacewa, murya ta ci gaba da tafiya, don ba ta cin data kamar hoto. Amma a ce kina magana ba a jin abin da kike faɗa, wallahi babban yatsa kawai za a sa a wuce ki. Ke kuma kayanki ma sun fi nawa buƙatar baki. Ni atamfa da leshi nake sayarwa, ido yana gani ya yaba. Ke ƙamshi kike sayarwa, kuma har yau ba a ƙera wayar da ke kai ƙamshi ba. Ko fitila goma kika kunna, abin da za a gani kwalba ce da hayaƙi. Bakinki ne zai gaya wa mace wannan na ɗaki ne, wannan na kaya ne, wannan yana kama jiki har washegari, wannan kuma amarya ake haɗa wa.

Da can waya kawai nake kafawa nesa da ni, don zani ya fito gaba ɗayansa idan na ware shi. To duk nisan da na yi da waya, nisan da muryata ta yi ke nan da masu kallo. Ga fanka tana kaɗawa, ga injin niƙan maƙwabta, ga akuya a tsakar gida da ba ta tashi kuka sai na fara faɗin farashi. Abin da ke cika allon ba ya wuce "Hajiya ɗaga murya" da "mi kika ce?" Sai in yi ta ƙwala magana kamar ina kiran yaro daga zaure, in sauka maƙogwaro ya bushe, ciniki bai taka kara ya karya ba.

Ana gab da ƙaramar Sallah na sayi makirufon nan mara igiya, ɗan mitsitsi mai matsewa a wuyan riga. Ranar da na fara sa shi ina zaune a kan tabarma, ina ware leshi ina magana a hankali yadda nake yi wa wadda ta shigo har ɗaki. Wata baiwar Allah daga Yauri ta rubuto cewa ba ma kallona take yi ba, wayar tana kan murfin bokiti, ita tana wanke-wanke tana saurarona kamar rediyo, sai ta ji na ambaci launin da take so sannan ta goge hannu ta leƙo. Ita ce ta haɗa kayan lefen ɗanta a wurina, aka kai tasha aka ba direba. Daga ranar na gane yawancin matan da ke hawa laif ɗina hannunsu yana cikin aiki, ko girki ko goyo ko ɗinki. Da kunne suke bina.

Sai maganar kunya da kika ce tana damunki. A nan ma makirufo ya fi fitila amfani nesa ba kusa ba. Fitilar zobe fuska aka yi ta domin ta haska, wayar ma a tsakiyar zoben ake ɗora ta tana kallonki ido cikin ido. Mace mai kunya ki dallare mata fuska da haske, ai ƙara mata rawar baki kika yi. Da makirufo kuwa ba dole ba ne a ga fuskarki sam. Juya kyamara ta kalli kasko da kwalabe da hannuwanki, ki yi maganarki ƙasa-ƙasa, ba mai jinki a waje balle ki ji nauyin surukai ko maƙwabta. Da yawa daga cikinmu ma sharaɗin da maigida ya gindaya ke nan, a ga kaya kada a ga fuska, kuma ciniki bai fasa ba. Ƙarfin gwiwa a wannan harka da maimaici yake zuwa. Farkon hawanki za ki ga mutum uku ko huɗu, biyu ma 'yan gidanku ne. Kada ki sauka. Ki gaishe da duk wanda ya shigo da sunansa, ki tsayar da lokaci guda da aka san ki da shi, misali bayan La'asar, don mutane su san yaushe za su same ki.

Wajen saye, abu na farko ki duba bakin cajin wayarki, domin makirufo mara igiya kashi biyu ne: akwai wanda kike maƙalawa a jiki, akwai ɗan ƙaramin da ake sokawa a inda ake cajin waya. Yawancin wayoyin Android na yanzu Type-C ne, tsofaffi kuma suna da ƙaramin bakin nan na da. iPhone kafin ta 15 bakinta daban, daga ta 15 da ta fito a 2023 ta koma Type-C. Idan kika sayi wanda bai dace ba, kin sayi abin wasan yara. Wasu wayoyin kuma sai an shiga saiti an kunna OTG kafin su gane an soka musu wani abu, mutane da yawa a nan suke cewa makirufo ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Na biyu, ki nemi wanda abin sokawarsa yake da ƙofar caji a gefe, don laif yana zuƙe batir, kuma in ya toshe bakin cajin ba ki da inda za ki jona fawa bank. Na uku, kada ki yar da ɗan soson nan ko gashin da ke zuwa a kansa. Ranar da iskar hunturu ta taso za ki san amfaninsa. In kuɗin ya gaza, akwai mai igiya irin Boya BY-M1, igiyarsa mita 6, ana soka shi a ramin iyafis in wayarki tana da shi. Igiyar tana harɗe ƙafa, amma muryarsa ba ta da laifi kuma ba ya neman caji kullum.

Fitilar kuwa, to, tana haske, ba zan yi mata ƙarya ba. Babbar mai inci 18 galibi sai da wutar lantarki, kin kuwa san halin da ake ciki. Ƙaramar mai inci 10 tana aiki da fawa bank amma haskenta bai wuce fuska ba. Ni abin da ya raba ni da ita, tana sauya launin atamfa, mace ta karɓi kaya ta ce ba shi ta gani ba. Mai kwalliyar amare ko mai zanen lalle ko wadda sai dare take samun sarari, ita ce ke da hujjar sayenta. Ke Allah ya hore mana rana kyauta a Kabi. Zauna a inuwar baranda ko bakin ƙofa, hasken yana dukan kayan daga gaba, kada ya zo ta bayanki. Abin da za ki kiyaye shi ne zafi: a watan Maris da Afrilu waya tana ɗaukar zafi har ta fara sanɗa ko ta katse laif da kanta, don haka ki cire mata riga, kada ki kafa ta a cikin rana.

Ba ki tambayi inda za ki hau ba, amma gara ki sani kafin ki kashe kuɗi. TikTok galibi sai kin tara mabiya 1,000 kuma kin kai shekara 18 kafin ya buɗe miki laif. Facebook ya fi sauƙi: asusun ya kai kwana 60, shafin yana da mabiya 100. Kuma a can iyaye mata masu haɗa lefe da kayan ɗaki suka fi zama. Sai dai tun watan Fabrairun 2025 Facebook ba ya ajiye bidiyon laif har abada, bayan kwana 30 yake gogewa, don haka wanda ya yi kyau ki sauke shi a waya, ki yanka gajeru ki riƙa sawa a sitatus. Data ma ki sa ta a lissafi, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 abin ya ƙara nauyi, awa guda kuma tana iya lashe kusan gigabait guda. Minti talatin mai tsari ya fi awa biyu kina ta "ku shigo, ku shigo". Kuma kada ki sa rai da kyaututtukan nan na fure da zaki da ake jefa wa masu laif. Kamfani yana cire kasonsa mai tsoka, kuma neman su yana kai mace ga yin abin da ba shi ta hau yi ba. Kuɗinki yana cikin kwalbar da aka saya.

Yanzu ki buɗe kunne kan masu sayarwa, don a nan ake yanka mutane. Jabun makirufo ya cika kasuwa, kwali da sunan kamfani mai daraja, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya san inda aka haɗa shi. Kada ki biya sai an gwada a wayarki, ba a wayar mai shago ba. Ga yadda ake kama su: soka shi, kunna ɗaukar bidiyo, ajiye wayar a kan teburin shagon, ki fita har bakin titi da makirufon a jikinki kina magana a hankali, sannan ki ɗan kankare kan makirufon da farce. Dawo ki saurara. Idan ba ki ji kankarar nan ba, ko muryarki ta dushe da kika yi nisa, to wayar ce take ɗauka da kanta, makirufon ado ne kawai. Kuma wanda aka gwada shi za a sa miki a leda a gabanki. Akwai masu cewa "bari in ɗauko miki sabo a kwali", a nan ake musanya. Masu talla a intanet da ke cewa ki fara turo kuɗi kaya na zuwa daga Legas, in ba wanda kika sani da ya taɓa karɓar kaya a hannunsu, ki riƙe kuɗinki. Haka masu cewa za su sayar miki da mabiya dubu don laif ya buɗe: sunaye ne marasa rai, ba mai sayen ko tsinken turare a cikinsu, kuma duk wanda ya nemi lambar sirrinki ko lambar da aka turo miki ta saƙo, asusun yake son ɗaukewa. Idan ciniki ya fara shigowa, hoton rasit ko saƙon alat ba kuɗi ba ne. Buɗe asusunki ki ga sun zauna kafin kaya su bar gida zuwa tasha.

Canjin da ya rage miki ki sayi ƙafar ɗora waya mai ƙarfi, ba irin mai rawa da iska ba. Kafin ki shiga kasuwa ki rubuto mana sunan wayarki a duba miki irin bakin cajinta.